Yadda ake duba tsohuwar BMW M3 kafin a biya kuɗi

Motar gudu ba a sayenta da ido. Wanda ya saye ta sabuwa don ya taka ta ya saye ta, na biyu ya ƙara takawa, kafin ta iso Kwatano ko Legas wataƙila ta ratsa hannu uku ko huɗu, kowa ya ci rabonsa ya bar wa na gaba gyaran. Fenti da rim mai sheƙi ba su da tsada idan aka gwada su da inji. Abin da kake saya a gaskiya shi ne irin kulawar da motar ta samu, don haka duk binciken nan neman shaidar wannan kulawa ne.

Zan yi misali da M3 da aka ƙera daga 2007 zuwa 2013, wato E90 mai ƙofa huɗu, E92 mai ƙofa biyu, da E93 mai buɗe rufi. Injinta S65 ne, silinda 8, lita 4, ƙarfin doki 420, yana juyawa har 8,400 a minti. Yawancin matakan za su yi maka aiki a kan kowace motar gudu.

Kayan da za ka tanada

- Tocila mai haske sosai, da ƙaramin madubi mai sanda
- Farin ƙyalle ko tishu, da safar hannu
- Na'urar auna kaurin fenti. In babu, ƙaramin maganaɗisu a naɗe da ƙyalle
- Kwamfutar duba mota wadda ta san BMW, kamar ISTA ko manyan na'urorin Autel da Launch
- Ma'aunin matsin silinda
- Sabuwar matatar baƙin mai guda ɗaya ta wannan injin
- Waya mai data, don binciken lambar shasi da ɗaukar hoto
- Gareji mai rami ko na'urar ɗaga mota
- Makanikin da ya taɓa buɗe irin injin, wanda kai za ka biya, ba dillali ba

Wannan na ƙarshe ya fi duk sauran. Makanikin da dillali ya kawo maka, ko da mutumin kirki ne, gobe a wurin dillalin zai ci abinci. Ka ware wuni guda, ka je da safe, kuma ka faɗa wa mai motar tun daren jiya cewa kada a tayar da ita kafin ka zo.

1. Fara da lambar shasi, kana gida

Ka nemi a turo maka lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. M3 ta gaskiya tana farawa da WBS. Idan ka ga WBA, BMW ce ta gama-gari, ko da an manna mata tambarin M a gaba da baya. Ana yi: a ɗauki 335i ko 328i a sa mata bamba da salansa huɗu. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, harafi na goma shi ke nuna shekara: 8 na 2008, 9 na 2009, A na 2010, B na 2011, C na 2012, D na 2013.

Sai ka sayi rahoton tarihin motar daga Carfax ko AutoCheck, sannan ka rubuta lambar kai tsaye a Google. Motoci da dama da ake shigo da su an saye su ne a gwanjon Copart ko IAA bayan kamfanin inshora ya yafe su, kuma hotunan ranar gwanjon sukan zauna a intanet shekara da shekaru. A nan za ka ga ko gaban ne ya murƙushe, ko jakar iska ta fashe, ko ruwa ne ya ci ta. Motar da aka buge ta a gefe aka gyara da kyau ana iya sayenta a farashin da ya dace da ita. Wadda ambaliya ta shanye, irin waɗanda guguwar Sandy ta 2012 da Harvey ta 2017 suka bari, ka bar ta ko da kyauta ce.

Ka lura da lissafin tafiya: rahoton Amurka da mil yake, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Idan rahoton ya ce mil 110,000 shekara uku da suka wuce, yau kuma agogon yana nuna 70,000, an gama magana. Takardun kwastan ma ka tabbatar lambar da ke kansu ita ce a jikin gilashin gaba da ginshiƙin ƙofar direba, ka kuma tantance su a ofishin kwastan da kanka kafin kuɗi su fita.

2. Jiki da fenti

A fito da ita fili da rana. Kada ka duba mota a jiƙe ko da dare. Ruwa da fitila suna ɓoye lotsawa. Ka tsuguna a kusurwar gaba ka kalli gefen har baya, ka ga ko hasken yana tafiya a miƙe. Ka gwada tazarar ƙofofi, bonet da but, hagu da dama.

A na'urar auna kauri, fentin kamfani yakan kai maikiron 100 zuwa 150 ko kusa da haka. Wurin da ya ninka sauran an sake fesa shi, wurin da ya haura 300 da nisa akwai bodi-fila a ƙasa. Mai aiki da maganaɗisu ya kula da kuskuren da sababbi kan yi a kan E92: bonet ɗinta alminiyam ne, fuka-fukan gaba roba ne, rufin kuma zaren kabon ne idan ba mai tagar sama ba ce. Maganaɗisu ba zai kama su ba ko da lafiyarsu ƙalau. A ƙofofi da ɓangarorin baya kaɗai zai yi maka amfani. Rufin kabon ɗin ka duba shi da kyau, domin zafin rana yana sa man da ke kansa ya yi rawaya ya fara ɓarewa.

Ka buɗe bonet ka kalli kusoshin da suka riƙe fuka-fukai da gaban mota. Idan sifana ta taɓa su fenti zai nuna. Ka haska ƙarafunan shasi biyu da suka miƙo gaba: walda, lanƙwasa ko baƙin fenti sabo a wurin alama ce ta karo mai ƙarfi.

Don ambaliya, ɗaga kafet, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai layin laka, leƙa ƙarƙashin kujeru ka nemi tsatsa a ƙarafunan da suke zamewa a kai. Batirin wannan mota a but yake, kuma raminsa yana tara ruwa. In ka ji turare ya yi yawa a ciki, ka tambayi kanka me ake rufewa.

3. Tayarwar farko, inji a sanyaye

Kafin a murɗa komai, sa hannu a kan injin. Idan da ɗumi, an riga ka. Ka ce za ka dawo gobe, kada ka ji kunya. Yawancin ƙarar da ke tona asirin inji a daƙiƙun farko take fitowa, kafin baƙin mai ya zagaya.

Kunna wuta ba tare da tayar da inji ba, ka tabbatar fitilun gargaɗi sun kama, musamman ta inji da ta jakar iska da ta birki, sannan su mutu bayan an tayar. Fitilar da ba ta kama ba tun farko, wani ne ya kashe ta.

Ka tsaya a gaba, bonet a buɗe, wani ya tayar. S65 mai surutu ne da safe, silo yakan hau sama na ɗan lokaci kafin ya sauka, kuma akwai 'yar ƙaramar ƙara ta sama-sama da ba laifi ba ce. Abin gudu shi ne bugu mai nauyi daga ƙasan inji, wanda ke bin juyin injin. Ka zaga baya ka kalli hayaƙi: shuɗi mai ne yake ƙonewa, fari mai kauri da bai tsaya ba bayan inji ya ɗumama ruwa ne ke shiga silinda.

Kada kowa ya taka totur yanzu. Agogon juyin inji na M3 yana da jan yanki mai matsawa, yana farawa ƙasa yana hawa yayin da mai ke ɗumama. Idan mai motar ya tayar da ita ya hau ruri da ita nan take don ya burge ka, ya nuna maka yadda yake yi da ita kullum.

4. Metal ɗin konrod

A nan zan daɗe, don a nan injin yake mutuwa. Tsakanin konrod, wato sandar da ke riƙe da fistin, da kirankishaf ɗin da take juyawa, akwai siraran metal da baƙin mai ke ratsawa. A wannan inji tazarar matsattsiya ce, man da kamfani ya ce a zuba kuma mai kauri ne, 10W-60. Idan ana taka motar mai bai ɗumama ba, ko ana jinkirin juye, metal ɗin yana cinyewa a hankali ba tare da wata fitila ta kama ba. Ranar da ya juya a mazauninsa, kirankishaf ya tafi, wani lokaci konrod ya fasa bulok. Shi ya sa masu irin motar da yawa suke sauya metal ɗin tun kafin ya yi magana, galibi a wajen kilomita 100,000.

Tambayarka ɗaya ce: an sauya, kuma ina shaida? Rasit mai ɗauke da lambar shasi da yawan tafiya, ko hotunan tsofaffin metal ɗin. "Wallahi an yi, ranka ya daɗe" ba shaida ba ce, kuma sau da yawa dillalin shi ma bai sani ba, yadda ya saya haka yake sayarwa.

In babu takarda, ga abin da za ka iya yi a wurin. Ka nemi izini a zaro matatar baƙin mai, ka mayar da sabuwar da ka zo da ita. Ka baje takardar tsohuwar a rana, ka buɗe ninkinta ɗaya bayan ɗaya. Ƙyalƙyali mai launin jan ƙarfe ko azurfa metal ne yake zuba. Ka yi sallama. Amma matata mai tsabta ba ta wanke injin ba, musamman idan jiya aka yi juye. Mai sabo fes a motar da ta yi watanni a ajiye abin tambaya ne.

A ƙasashen da ake aika samfurin mai ɗakin gwaji, ana neman dalma da jan ƙarfe a ciki. Wannan yana aiki a injinan farko, amma wajen 2011 kamfanin ya koma metal marar dalma, sai gwajin ya rage amfani. Ra'ayina dai, duk S65 da ba ta da shaida, ka ɗauka ba a sauya ba, ka cire kuɗin aikin daga farashi, ka kuma yi shi a makon farko. Kafin nan ka tabbatar akwai mai iya yi a garinku, domin sai an sauke ƙarfen da ke riƙe da inji daga ƙasa, kusoshin konrod kuma da ma'auni ake ɗaure su, ba da ƙarfin damtse ba.

Wani abu kuma: injin ba shi da sandar auna mai. A allon dashbod ake gani, bayan inji ya yi zafi, mota a shimfiɗaɗɗen wuri. Ka tambayi wane mai ake zuba mata. In aka ce "wanda ake zuba wa kowace mota", ka ƙara wannan a cikin lissafi.

5. Sa mata kwamfuta

Ƙaramar na'urar nan mai araha da ake haɗawa da waya laifin inji kawai take karantawa, shi ma ba duka ba. Ana buƙatar wadda za ta shiga kowane sashe: inji, giya, birki, jakar iska, shokazoba.

Babban abin nema shi ne injinan buɗe totur. S65 yana da maƙogwaro takwas, kowace silinda da nata, kuma ƙananan injina biyu na lantarki ne ke buɗe su, ɗaya a kowane ɓangare. Haƙoran robar da ke ciki suna cinyewa, allon lantarkin ya ƙone, sai fitilu su kama mota ta ƙi gudu. Idan ɗaya ya mutu ɗayan ma yana hanya, don haka bibbiyu ake lissafa su.

Idan kwamfuta ta nuna babu laifi ko ɗaya, kada ka yi murna tukuna. Duba ko gwaje-gwajen da injin ke yi wa kansa sun kammala. In yawancinsu ba su kammala ba, kwanan nan aka goge laifuffukan. Ka kuma sa a karanto yawan tafiya daga sassa daban-daban, domin BMW ba a agogo kaɗai take ajiye shi ba, kuma masu juya agogo sukan manta da wani sashen.

In mai motar ya yarda, a cire fulogi a auna matsin silinda takwas ɗin. Kada wata ta bambanta da sauran da fiye da kashi 10 cikin 100. Ka kalli fulogin su kansu: wannan inji ta fulogi yake gane ko fetur yana fashewa ba daidai ba, don haka na jabu suna rikita shi. Matsin injin 12 ne a kan 1, kamfani yana son fetur mai oktan 98 a ma'aunin Turai, wanda ya fi wanda aka saba sha a gidajen manmu. Motar da ta daɗe a nan tana shan duk abin da aka samu ta fi sabuwar shigowa buƙatar wannan gwaji.

6. Shiga ƙarƙashi

Motar gajeriya ce, jak ɗaya ba zai nuna maka komai ba, kuma kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A hau rami. A cire murfin ƙasa, domin yana tare mai ya ɓoye yoyo.

Ka bi da tocila: murafen saman inji, kaskon mai, kaskon giya idan mai giya 7 ce ta DCT, wato giyar otomatik mai kuloci biyu, sai aksul na baya. Ka duba ƙasan bamba da kaskon mai ko tudun rage gudu ya daka su. Shokazoba mai jiƙe da mai ta mutu, kuma idan mai lantarki ce ta EDC kuɗinta ba wasa ba. Girgiza kowace taya sama da ƙasa, hagu da dama, ka nemi bushin da ya tsage. Ka ƙwanƙwasa tukwanen salansa ka ga ko an kwashe indomin ciki, wato abin da ke tace hayaƙi. Ana yawan yi, kuma wari mai ƙarfi daga baya yakan tona.

Faifan birki masu huji ne, milimita 360 a gaba, 350 a baya. Tsagar da ta haɗa huji da huji ko ta kai baki, faifan ya gama. Launin shuɗi a jikinsa zafi ne ya yi yawa. In ka haɗa wannan da narkakkiyar roba manne a cikin kaskon taya na baya, da hujin kusoshi a ƙasan kafet inda aka taɓa ɗaura ƙarfen kariya, motar ta sha filin tsere ko wasan juyi.

Tayoyi: gaba 245, baya 265, a rim 18 ko 19. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya mako da shekarar da aka yi ta ne, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya huɗu kamfani huɗu tana gaya maka irin aljihun da ya riƙe motar. Cin gefe ɗaya kuma ko dai saiti ne ya kauce ko wani ƙarfe ya lanƙwashe.

7. Gwajin hanya

Kai za ka tuƙa, rediyo a kashe, aƙalla rabin awa. Minti goma sha biyar na farko a hankali, har ma'aunin zafin mai ya kusa digiri 100 na Salshiyas. A wannan lokacin ka saurari ƙafafu a kan gargada, ka sassauta riƙon sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya ka ga ko tana ja gefe.

Mai DCT: gwada ta a cunkoso, tashi da tsayawa, da ribas a ɗan hawa. Ɗan jinkiri kaɗan ɗabi'arta ce, amma fizga, rawa ko bugu ba ɗabi'a ba ne. Mai giyar hannu 6: sa giya ta biyar a gudun kilomita 60, taka totur har ƙasa. Idan juyin inji ya tashi gudu bai ƙaru ba, kuloci yana zamewa. Shiga ta biyu da sauri kuma bai kamata ya yi ƙara ba.

A fili, karya sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali hagu da dama. Gurnani daga baya sananne ne a wannan mota, sau da yawa sauya man aksul da irin wanda kamfani ya tanada yana kashe shi. Kuka mai bin gudu a kan hanya shi ne mai tsada.

Sai ka nemi hanya buɗaɗɗiya a bayan gari, inda babu mutane, babu dabbobi, babu 'yan acaɓa. A giya ta biyu kaɗai, ka ja ta har kusa da jan layi sau ɗaya ko biyu. Ba sai ka yi gudun hauka ba. Ƙarfin ya hau sumul babu tuntuɓe, babu fitila. Matsalar totur a nan ta fi bayyana. Ka duba madubi, in babu kowa a baya ka taka birki da ƙarfi: kada sitiyari ya yi rawa, kada ta karkace.

Da kun dawo kada a kashe. A bar ta a silo da esi a kunne minti goma sha biyar a rana. Motar da aka ƙera a Jamus ta yi rayuwarta a wuri mai sanyi, a zafin watan Afrilu na Kano ko Sakkwato ne za a san lafiyar lagireto da fankarta. Bayan nan a sake leƙa ƙasa, a sake sa kwamfuta. Laifin da aka goge jiya yanzu zai dawo. Idan E93 ce, buɗe rufin ka rufe sau uku a jere, ka duba but ko man rufin yana zuba.

8. Idan ba M3 ba ce

Kowace motar gudu da inda take ciwo, ka san shi kafin ka fita. Mercedes C63 AMG mai injin M156 lita 6.2, na shekarun farko suna da matsalar kusoshin kan silinda da ke karyewa ruwa ya shiga, da cinyewar kamshaf mai sa ƙara a sama. Porsche 911 ta zangon 996 da farkon 997 an san ta da lalacewar wani boris a cikin inji da ake kira IMS, da yoyon mai tsakanin inji da giya, kuma kwamfutarta tana ajiye tarihin duk lokacin da aka wuce iyakar juyin inji, sai ka sa a karanto maka.

9. Ciniki

Ka zauna da makanikinka, ba a gaban dillali ba, ku rubuta komai kashi uku. Na farko abin da ke kashe ciniki: WBA a maimakon WBS, ambaliya, shasi mai walda, ƙyalƙyali a matata, agogon da aka juya, takardun kwastan da ba su tantance ba. Na biyu abin da za a cire daga farashi: metal marar shaida, injinan totur, kuloci, faifan birki, shokazoba, tayoyi. Na uku ƙananan abubuwa da za ka yi a hankali.

Ka kira masu kayan gyara ka ji farashin yau na kashi na biyu, har da kuɗin kawowa da na aiki, domin yawancinsu sai an yi oda daga waje. Da wannan takarda za ka yi tayi. Idan mai motar ya hana a ɗaga ta, ko a zaro matata, ko ya ce wani Alhaji yana hanya da kuɗi a hannu, ka bar wa Alhajin. In kuwa kun daidaita, a rubuta yarjejeniya mai lambar shasi da yawan tafiya da shaidu biyu, a faɗi la'adar dillali a fili, ka karɓi makullai biyu da takardu na asali, sannan ka tura kuɗi ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan yarjejeniyar.